Irin Shinkafar Da Aka Tayar Daga Barci

Akwai wani mutum a wani ƙauye na bakin gulbi, manomin shinkafa, sunansa Tanimu. Allah ya yi shi da yawan tambaya. Irin mutanen nan ne da ba sa iya wuce ramin tururuwa sai sun tsuguna sun ga abin da ake shiga da shi. In ya lura wani gefen gona ya fi wani kore, tuwo ba zai yi masa daɗi ba sai ya je ya tona ƙasar ya shinshina. Matarsa Afiniki takan ce da a ce tambaya tana cika rumbu, da gidansu ne zai ciyar da garin.

Abin da Tanimu ya gada ba shi da yawa. Fegi ɗaya ne a fadama, sai wani irin shinkafa da mahaifiyarsa ta bar masa. Mai-gemu ake ce wa shinkafar, saboda ɗan gashin da ke kan kowace ƙwaya, wanda ke tsone wa tsuntsaye baki. Ja ce, mai ƙamshi, in ana dafa ta har maƙwabta sai sun sani. Mutanen garin duk sun koma sababbin iri na kasuwa, har ya zama Mai-gemu ba ta rage a hannun kowa ba sai a hannunsa. In ta ƙare a gidan Tanimu, to, ta ƙare ke nan.

Gulbin garin kuwa ba shi da alkawari. Wata shekara ya tsaya inda Allah ya ajiye shi, wata shekara ya hauro fadama a tsakiyar marka ya kwanta bisa shukar mutane. Saboda haka tun kaka da kakanni kowane gida yakan raba irinsa biyu. Babban kashi a yafa shi da ruwan fari. Ƙaramin kashi, wanda suke kira irin baya, a zuba shi a tulu, a rufe samansa da toka, a kifa murfi, a liƙe da laka, a tura shi ƙuryar ɗaki inda rana ba ta kaiwa. Ba mai taɓa shi sai gulbi ya faɗi tasa. In ambaliya ta ci shukar fari, sai a fasa tulu a sake yafi. In shekara ta wuce lafiya, sai a surfe shi a dafa ranar Kirsimati.

Wata shekara Tanimu ya sa buhunan irinsa biyu a kwale-kwale tun da yamma, don ya yi sammakon haye gulbi zuwa gona. Ashe kwale-kwalen yana yoyo. Da gari ya waye ya tarar buhun da ke ƙasa ya kwana a ruwa, ya jiƙe sharkaf. Yana tsaye yana tunanin yadda zai yi, sai aka aiko cewa an yi rasuwa a unguwarsu, kuma a garin ba a zuwa gona sai an share makoki. Ya ga in ya bar irin a buhu zai tsiro a ciki, sai ya kwaso shi gida ya baza a tabarma cikin inuwar zaure, yana juya shi da hannu har ya bushe ya koma kamar ba abin da ya same shi.

Bayan makoki ya je ya yafa duka biyun, wanda ya jiƙe a gabas, busasshen a yamma. A ransa ya riga ya yafe gabas ɗin.

Sai ga abin mamaki. Gabas ce ta fara fitowa, tun yamma ba ta ko motsa ba, kuma ta fito gaba ɗaya, kai ɗaya, kamar an shimfiɗa koren zane. Kafin ciyawa ta ɗaga kai shinkafa ta riga ta rufe ƙasa. Yamma kuwa sai da ta ja kwanaki, ta fito yau kaɗan gobe kaɗan, ciyawa na biye da ita kafaɗa da kafaɗa.

Da wani ne, sai ya gode wa Allah ya wuce. Tanimu kuwa ya samu abin yi. Ranin nan duk sakainar da ke gidan sai da ta zama gona. Ya jiƙa wannan na ɗan lokaci, ya bar wancan ya daɗe, ya shanya wani a rana, wani a inuwa, yana shukawa yana leƙe. Wanda ya daɗe a ruwa ya fito da 'yar farar wutsiya, da aka shanya shi ya mutu. Wanda ya sha zafin rana ya fito a raunane. Wanda aka jiƙa daga yamma zuwa safe aka shanya a inuwa, shi ne ya riƙa tashi da sauri kamar an kira sunansa. Daga nan Tanimu ya ce ya gane: iri a rumbu barci yake yi, ruwa ne ke tayar da shi, in kuma ka shanya shi kafin wutsiya ta fito, zai zauna ne ido biyu yana jiran ƙasa.

Yana da wani taubashi, Jatau, wanda feginsa ke jikin nasa. Jatau ya bi gari yana ba da labari wai Tanimu ya fara yi wa shinkafa wanka kafin ya kai ta gona, saura ya shafa mata mai ya ɗaura mata zane. Ya raɗa masa suna Ungozomar Shinkafa, sunan kuwa ya bi shi. Amma da damina ta zo Jatau ya ga fegin Tanimu ya yi kore nasa na nan baƙi, sai ya rage murya, ya zo da yamma yana sosa ƙeya yana tambaya ko wankan nan da ruwan rijiya ake yi ko na gulbi.

A shekarar da wannan labari ya faru, Tanimu ya jiƙa irin farinsa kamar yadda ya saba. Yana cikin juya shi a tabarma sai wata dabara ta faɗo masa, kuma in za a faɗi gaskiya, dabara ce mai kan gado. Ya tambayi kansa, yaushe ne manomi ya fi bukatar irin da ke tashi da sauri? Ai bayan ambaliya ne, lokacin da damina ta riga ta yi nisa, kowace rana tana da tsada. To, me zai hana ya jiƙa irin baya ma tun yanzu, ya shanya ya ajiye, ranar da gulbi ya ja da baya sai dai ya ɗauka ya yafa?

Afiniki ba ta so ba. Ta ce ita dai tun da ta zo gidan nan ba ta taɓa ganin Iya, mahaifiyarsa, ta bar ko ɗigon ruwa ya kusanci irin baya ba. Tanimu ya yi mata bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa, ya ce ai bushewa zai yi ya koma yadda yake, ta taɓa ta ji, wa zai iya bambanta wannan da wanda bai ga ruwa ba? Ta taɓa, ta ga gaskiya ba bambanci. Ta ce, “To, Baban Godiya, kai ne mai gona,” ta koma kan dakanta.

Sai batun ajiya. Tulun da aka liƙe da laka ba a leƙa shi, Tanimu kuwa yana son ya riƙa ganin abin da irin da ya farka yake yi in an bar shi. Saboda haka ya zuba shi a buhu ya rataye a ɗakin girki, saman murhu, inda ake rataye irin masara da na kuɓewa don hayaƙi ya kore musu ƙwari. Wannan ma ba wauta ba ce, haka kowa ke ajiye masararsa tana kai shekara. Buhun dai ƙarami ne, bai cinye duka ba, kamar mudu guda ya rage a tabarma. Tanimu ya ce zai nemo masa wuri, sai hankalinsa ya koma kan yafin fari, ya manta.

Ragowar nan ta ƙara kwana a inuwa tana ta bushewa, har Afiniki ta bukaci tabarmarta. Ta ɗauko ƙaramin tulun Iya, wanda cikinsa ya sha man kaɗanya shekara da shekaru har ba ya tsatsar da ruwa, ta juye a ciki. Ba wani tunani ta yi ba. Tulun iri dai a saninta toka ake zuba masa a liƙe shi, sai ta zuba ta liƙe, ta tura shi ƙarƙashin gado, ta kaɗe tabarmarta.

Damina ta kankama. Shukar fari ta yi kyau har masu wucewa suna tsayawa. Buhun saman murhu kuwa ya zama abin nunawa a gidan. In an taso daga sujada maza suka biyo gaisuwa, sai Tanimu ya hau turmi ya sauko da shi, ya kwance, ya dumbuzo ya zuba wa kowa a tafin hannu, yana ba da labarin yadda wannan irin yake a farke alhali na tulunansu na ta sharar barci. Ko ba baƙo ma yakan sauke shi ya shinshina, ya duba ko ƙwaro ya shiga. Ba ƙwaro ko ɗaya. Ba fumfuna. Ƙwayoyin na nan jajaye da gemunsu, gwanin sha'awa.

Da marka ta sauka, komai na ɗakin girkin ya yi laushi. Ashana ta ƙi kamawa. Gishirin Afiniki ya riƙa tsatsafo da ruwa a cikin ƙoƙo. Wannan ma sai da Tanimu ya tsaya a kansa, yana mamakin ta ina ruwa ya shiga gishirin da ba wanda ya zuba masa, har ya gano cewa iskar da kanta ce ke ɗauke da danshi. Ya ji daɗin wannan ganowa ƙwarai, ya faɗa wa Jatau. Buhun na rataye daidai saman kansa yana shan iskar nan, da safe ya sha tururin koko, da yamma ya sha zafin tuwo, amma tambayarsa ba ta ɗaga kai ta kai can ba. Sau ɗaya ya taɓa sa ƙwaya a haƙori, kamar yadda manoma ke gwada bushewar hatsi, ya ji ba ta ce ƙas ba, ta dai lotsa. Ya ce wataƙila haka irin da ya farka yake.

Sai gulbi ya kawo.

Ruwan shekarar ya wuce na kullum. Ya hau fadama ya shafe ta, ya kwanta a kai har mutane suka daina zuwa dubawa. Da ya janye, ba abin da ya bari sai laka da ruɓaɓɓen ganye. Gari ya cika da ƙarar fasa bakin tuluna. Tanimu ya yi baƙin cikin shukarsa kamar kowa, amma can ƙasan zuciyarsa akwai ɗan ɗoki, don ranar da ya shirya wa ce ta zo. Shi ne na farko a fadama. Ya yafa buhun nan kaf, bai rage ko ƙwaya ba sai abin da ya maƙale a ɗinkin gindi, ya wanke hannu ya dawo yana cewa Jatau ya shirya idanunsa.

Ya koma a ranar da ya san irinsa kan fito. Bai ga komai ba. Ya ce ƙasar ce ta yi sanyi. Ya sake komawa, ya ga ɗaya nan, ɗaya can, sirara, rawaya, kamar gashin kan tsoho. Ya sake komawa, sai ya tarar fegin Jatau, wanda aka yafa da irin tulu mai nauyin barci, ya fara yin kore, nasa kuwa na nan yadda ya bar shi.

Ya tsuguna ya fara bincike, don ko a cikin tashin hankali halin mutum ba ya barinsa. Tsuntsaye ne? A'a, ga ƙwayoyin nan a cikin laka ba wanda ya tsince su. Ƙasar ce ambaliya ta ɓata? Ga ta Jatau, kunya ɗaya ce tsakaninsu. Ya tono ƙwaya ya matsa, ta fashe a yatsansa, farin ruwa mai tsami ya fito. Ya tono wata, haka. Ya bi fegin daga gabas zuwa yamma yana tonowa, har ya daina.

Jatau ya zo ya tsaya a kan kunya. Ranar ce ta farko da ya ga taubashinsa bai tsokane shi ba. Ya ce akwai ɗan ragowar irin kasuwa a wurinsa, in yana so ya zo ya ɗiba kafin ƙasa ta bushe. Tanimu ya yi godiya. Ya san za a samu abin sawa a baki ko yaya. Abin da ya dame shi shi ne Mai-gemu: ta fari gulbi ya ci, ta baya kuwa shi da hannunsa ya rataye ta.

Da ya koma gida ya zauna a zaure. Afiniki ta kawo masa ruwa, ta ce, “Ragowar nan fa da na zuba a tulun Iya?”

Ya ɗago ya dube ta. Ya manta da ita sam. Amma ya girgiza kai, ya ce ai uwarsu ɗaya, ruwa ɗaya suka sha rana ɗaya, a tabarma ɗaya suka bushe, abin da ya kashe na buhu ya kashe ta. Afiniki ta ce shi ke nan, sai ta surfe ta ta yi wa yara fate.

Nan fa halinsa ya motsa. Ya ce ta dakata tukuna ya gani.

Ya jawo tulun daga ƙarƙashin gado. Ya fasa lakar, ya kwashe tokar, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya sa a haƙori. Ta ce ƙas, har Afiniki ta ji daga bakin ƙofa. Ya tashi ya ɗauko tsohon buhun, ya kakkaɓo ƙwayoyin da suka maƙale a ɗinki, ya ciji ɗaya. Ta lotsa kamar danƙo. Ya zauna da ta tulu a tafin dama, ta buhu a tafin hagu, yana dubansu. A ido ba mai raba su. Ya jiƙa tsumma biyu ya shimfiɗa, ya zuba kowacce a nata, ya rufe.

Tsumman buhu fumfuna ya yi. Tsumman tulu kuwa, kafin a ce me, ya cika da fararen wutsiyoyi, kusan kowace ƙwaya ta amsa.

Sai a lokacin ya tuna da gishirin. Irin da ke barci, danshi da zafi sukan daɗe suna ƙwanƙwasa masa bai ji ba. Wanda ya riga ya farka kuwa, duk ɗan danshin da ya shigo sai ya zaci ƙasa ce ta zo, ya yunƙura zai tashi, ya ga ba ita ba ce, ya koma. Gobe ma haka. Yau yunƙuri, gobe yunƙuri, a cikin zafin murhu, har ɗan guzurin da ke cikinsa ya ƙare. Ranar da ƙasar gaske ta zo, ba sauran ƙarfi. Na tulu shi ma a farke yake, amma ya bushe sosai, yana wuri mai sanyi, kuma an rufe masa ƙofa, ba abin da ke ta kiransa a banza.

Mudu ɗaya ba ya yafa fegi. Saboda haka Tanimu ya gyara ɗan wuri a gefen da ya fi riƙe ruwa ya yi renon irin a can, ya kewaye da ƙaya, yana gadinsa kamar jinjiri. Da ya tasa, shi da Afiniki da Jatau suka shiga laka suka dasa shi ɗaya-ɗaya, suna ba kowane tsiro fili ya yi 'ya'ya. Bai kai rabin fegin ba. Sauran wurin suka cike shi da irin kasuwar Jatau.

Kirsimatin shekarar ba a ji ƙamshin Mai-gemu a unguwar ba. Abin da aka girbe ba shi da yawa, kuma Tanimu bai bari an dafa ko tafi ɗaya ba, duk ya zama iri. Yara suka yi ta ƙorafi. Jatau ya zo gidan cin tuwon shinkafar da aka noma da irinsa, bakinsa ya dawo, ya ce yanzu da Ungozoma ya kashe wasu ya raya wasu, sai a ba shi wane suna? Ya kuma tambaya ko an daina wankan ke nan.

Tanimu ya ce wanka na nan, ai ba ruwan ne ya yi laifi ba. Yana maganar yana cuɗa laka a bakin tulun Iya. Ya ce, “Wanda ka tayar daga barci, Jatau, ko dai ka kai shi gona, ko ka rufe masa ƙofa da kyau. Ratayewa ce ba a yi.”

To, 'yan'uwa, ma'anar wannan misali ita ce: irin nan zuciyar mutum ce, ruwan kuwa Maganar Allah ce.

Akwai ranar da Magana takan ratsa mutum har ciki. Wani a taron matasa ne, wani a ajin baftisma, wani a bakin kabarin abokinsa, wata kuma tana wanke-wanke ne waƙa ta faɗo mata. Ka ji wani abu ya motsa: ka je ka nemi gafarar wane, ka rabu da abu kaza, ka ba da kanka ga aiki kaza. Bayan nan sai taro ya watse, hawaye ya bushe, ka koma gida. Kowa ya gan ka yadda ya san ka, kai ma ka duba ka ga kamar ba abin da ya sauya. Abin da ya fi ba ni mamaki game da irin da aka jiƙa ke nan, ko masana aikin gona ba sa gane shi da ido. Amma a ciki ya riga ya farka, kuma ba ya komawa irin barcin da.

Mukan ɗauka cewa wanda Magana ta taɓa ya fi kowa ƙarfi. Ta wata fuska haka ne, shi ne mai saurin tashi. Amma ku lura, shi ne kuma mai saurin lalacewa in aka bar shi a rataye. Mutumin da bai taɓa ji ba yana iya shekara goma a haka, ranar da ya ji ya tashi. Wanda ya ji ya ce sai an jima, kowace Lahadi ya ɗan motsa ya koma, kowane taro ya fita gaba ya dawo, a hankali yana cinye guzurinsa ne bai sani ba. Wata rana sai a yi wa'azin da dā yake sa shi kuka, ya ji kamar ana ruwa a garin maƙwabta.

Saboda haka wuri mafi kyau ga irin da ya farka shi ne ƙasa. In abin da aka tayar a zuciyarka abin yi ne yau, yi shi yau. Gidan wanda ka ɓata wa rai ba nisa gare shi ba.

Amma na san akwai abin da dole sai an jira, kamar yadda irin baya ke jiran gulbi. Wata ta ji kiran koyar da yara, ba a ba ta aji ba tukuna. Wani ya ƙudura zai riƙe gaskiya a wurin aiki, aikin bai samu ba. Wasu sun yi alkawarin tsare kansu har ranar aure, ranar kuwa da saura. Jira ba zunubi ba ne. Tambayar ita ce, a ina ka ajiye abin? Tanimu bai jefar da irinsa a bola ba, yana ƙaunarsa, kullum yana dubawa. Ya dai ajiye shi ne a inda ya fi ko'ina zafi da hayaniya a gidan, a cikin abin da iska ke ratsawa. Ɓarawo bai shiga ba, ƙwaro bai shiga ba. Iskar da kowa ke shaƙa ce ta kashe shi: 'yar hirar nan da ba ta da laifi sosai, ɗan abin nan da ake kallo a waya kafin barci, abokan nan da ba sa hana ka bin Allah, dariya kawai suke yi in ka ambata. Ba ranar da za ka ce yau ce aka zuba ruwa. Gishirin Afiniki ma ba wanda ya zuba masa.

Sai kuma yawan kwance buhu. Shaida abu ne mai kyau, kada wani ya fita ya ce an hana ba da shaida. Amma akwai bambanci tsakanin mai nuna damin da ya girbe da mai nuna irin da bai shuka ba. In ka faɗa wa mutum ashirin abin da za ka yi wa Ubangiji, suka yaba maka, sai zuciya ta ji kamar ta riga ta yi, ta kwanta. Wani alkawarin, kai da Allah da mutum ɗaya mai riƙon amana wanda zai riƙa tambayarka, ya isa.

Tulun Iya ba shi da kyan gani, kuma ba sabon abu ba ne. Addu'ar da ba wanda ya gan ka kana yi ce, da karatun Magana ranar da kake jin daɗi da ranar da ba ka ji, da zama cikin 'yan'uwa masu bi ko ba a ba ka wani matsayi ba. Mu masu tasowa muna son sabuwar dabara, kuma ba laifi, Allah ne ya ba Tanimu tambayarsa, ita ce ta sa ya fasa tulun maimakon a yi fate da abin da ke ciki. Amma sabuwar dabarar tasa, a tsohon tulun tsohuwa ta tsira, a hannun matar da ta liƙe shi don haka ta ga ana yi. Kada ka raina abin da iyayenka cikin bangaskiya suka saba yi don kawai ba su iya yi maka bayaninsa ba.

Gulbi zai kawo, wannan ba shakka. Ranar ce ake sanin abin da ke da rai, kuma ranar ba a samun lokacin gyara. Shi ya sa manomi ba ya jiran ambaliya kafin ya sa ƙwaya a haƙori.

In kuwa kana zaune a nan kana cewa naka buhun ya riga ya mutu, ka yi alkawari sau da yawa har kunyar sake yi kake ji, to, ka tuna Tanimu ma cewa ya yi duk sun mutu, bai duba ba tukuna. Allah yakan rage mudu guda a inda ka manta. Ba zai cika fegi bana ba, kuma wataƙila a yi Kirsimati ɗaya ba ƙamshi. Amma ya isa iri.

Yau in ka koma gida, kafin ka ci abinci, ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa. Ka tambayi kanka abin da Allah ya tayar a zuciyarka wanda har yanzu bai ga ƙasa ba. In na shukawa ne, kada rana ta faɗi yana hannunka. In na jira ne, ka hau turmi ka sauko da shi daga saman murhu.